Sankarar hanyar fitsari: tiyata, gashi, ko a haɗa su?

Idan sakamakon gwajin tsoka ya fito aka ce sankara ce a hanyar fitsari, tambayar da mara lafiya da danginsa suka fi yi ita ce: "Likita, sai an yanke ne?" Amsar ba ta zama ɗaya ga kowa. Mutum biyu za su zo da ciwo mai suna ɗaya, a sallami na farko bayan ƙaramin aiki da kwana biyu a gado, na biyu kuma a cire masa mafitsara gaba ɗaya. Abubuwa uku ne ke raba su: gurbin da ƙarin ya zauna, irin ƙwayoyin da suka haɗa shi, da zurfin da ya ci.

Sai mu fara raba sunaye, don a bakin mutane "kansar mafitsara" ta haɗa cututtuka uku. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa a mara. Furostet ƙullutu ne na maza kaɗai, a ƙarƙashin jakar. Abin da muke magana a kai shi ne bututun da ke ɗauko fitsari daga jakar zuwa waje. Tsawonsa a mace bai wuce santimita 4 ba. A namiji yana kai kimanin santimita 20, yana ratsa furostet, ya bi tsakanin dubura da maraina, sannan ya shiga azzakari. Sankarar da ke farawa a wannan bututu ba ta da yawa ko kaɗan: a Turai kusan mutum 1 ne cikin miliyan a shekara, a Amurka kuma maza kimanin 4 da mata 1.5 cikin miliyan, mafi yawansu tsofaffi. Saboda ƙarancinta ba a taɓa yin babban gwajin da ya jera tiyata da gashi (wato ƙona ƙarin da haske mai ƙarfi na asibiti) kafaɗa da kafaɗa ba. Alƙaluman da za a gani a nan daga bayanan marasa lafiyar wasu asibitoci ne, gomomi ko ɗari, don haka a riƙe su a matsayin manuniya.

Kafin a zaɓa

Ciwon yakan ɓuya a bayan wata cuta da aka saba da ita. Namijin da hanyarsa ta tsuke shekaru bayan ciwon sanyi, ana ta buɗa masa da ƙarfe ko ana sa masa roba, shi ne ya fi shiga haɗari, kuma shi ne aka fi jinkirin ganowa, domin kowa ya ɗauka tsohuwar toshewar ce. Idan tsukewar ta fara zubar da jini da an taɓa, ko tana komawa mako biyu bayan an buɗa, ko wani tauri ya fito a ƙarƙashin azzakari, ko ƙurji ya fashe a bayan maraina fitsari na bi ta nan, to a gutsuri tsoka a gwada kafin a sake zura ƙarfe. A inda tsargiya ta yi yawa, jini a fitsari ba ya tayar wa kowa da hankali. Amma jinin tsargiya a ƙarshen fitsari yake zuwa, na hanyar fitsari kuwa yakan fito a farko, ko ya ɗiga a wando ba tare da an yi fitsarin ba. A mata ana rikita ciwon da sanyin mara mai dawowa, ko da wata 'yar jar tsoka marar illa da ke fitowa a bakin hanyar bayan ɗaukewar al'ada.

Gwaje-gwajen da ake dogara da su huɗu ne. A zura kyamara a duba bututun har cikin mafitsara, a gutsuro tsoka. A yi hoton MRI na ƙugu don ganin zurfi. A yi CT na ƙirji da ciki don ganin ko ya yaɗu. Likita kuma ya laluba matse-matsi da hannu don jin ko kaluluwa ta kumbura. Gwajin neman ƙwayoyin sankara a fitsari yana kuskure kusan rabin masu ciwon, saboda haka in ya fito lafiya ba a rufe magana da shi ba.

A takardar sakamakon za a ga ɗaya daga iri uku. Yurotiliyal, mai kama da shimfiɗar cikin mafitsara, shi ne sama da rabi. Sikwamos, mai kama da fata, kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma yana da alaƙa da daɗaɗɗiyar tsukewa da wata ƙwayar cuta da ake kira HPV 16. Adino, mai fitowa daga ƙananan ƙullutai masu fitar da ruwa, ya fi yawa a mata, musamman masu wani aljihu da ke samuwa a jikin bututun. Sikwamos ne ya fi jin gashi haɗe da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara. Adino ya fi taurin kai, don haka aka fi karkata ga wuƙa. Za a kuma ga harafin T, mai nuna zurfin da ciwon ya ci. Daga matakin "Ta" zuwa T1 ciwon yana sama-sama. T2 ya shiga tsokar da ke kewaye da bututun. T3 ya kai jijiyoyin da ke miƙar da azzakari ko bangon gaba na farji. T4 ya tsallaka wani sashe kamar mafitsara.

Namiji, ƙarin yana kusa da baki

Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma a nan tiyata ce kan gaba. Gardamar tsakanin tiyata biyu take: a cire bututun kaɗai a bar azzakari, ko a yanke wani ɓangare na azzakarin.

A da ƙa'ida ita ce a bar tazarar santimita 2 na lafiyayyen nama bayan ƙarin, abin da ke jawo yanke gaba ga kusan kowa. Yanzu an ga cewa tazarar milimita kaɗan ta isa, muddin an tabbatar bakin yankan ba shi da ƙwayar ciwo. Ana tabbatar da haka ne ana cikin aikin: a aika bakin naman ɗakin gwaji, a daskarar da shi, a duba a madubin likita cikin minti ashirin zuwa talatin, in akwai saura a ƙara yanka. To a tambayi likita kai tsaye ko asibitin na yin wannan gwaji. In ba ya yi, ko dai a yanka da faɗi, ko a amince za a iya komawa tiyata karo na biyu idan cikakken sakamako ya fito. Barin gaba ba tare da tsaftataccen baki ba shi ne babban dalilin dawowar ciwon, kuma sikwamos yakan rarrafa sama ta cikin shimfiɗar bututun fiye da inda ido ke gani.

Idan an cire bututun aka bar azzakari, sai a buɗe wa fitsari sabuwar ƙofa. In abin da aka cire gajere ne, ƙofar na zama a ƙarƙashin azzakari. In dogo ne, ana buɗe ta a tsakanin maraina da dubura. Mutum zai ci gaba da riƙe fitsarinsa, domin tsokar riƙon tana can sama ba a taɓa ta ba. Gaba zai ci gaba da miƙewa. Abin da ya canja shi ne maniyyi ta sabuwar ƙofar zai riƙa fita, don haka mai neman haihuwa ya tayar da maganar tun kafin aiki. Littattafan likitanci na Turai suna lissafa fitsari a zaune a cikin manyan asarorin wannan aiki. Ga wanda ya tashi yana tsugunawa da buta, wannan ba wani abu ba ne. Matsalar da ta fi damu ita ce ƙofar kan tsuke, sai an buɗa ta ko an gyara.

Yanke wani ɓangare na azzakari yana zama dole idan ciwon ya shiga jijiyoyin miƙewa. Ana ƙoƙarin barin kimanin santimita 3 ko fiye, yadda za a iya sarrafa fitsari. In abin da zai rage bai kai haka ba, cirewa duka da buɗe ƙofa a bayan maraina ya fi tsafta, don guntun da ya nutse cikin fata kullum jiƙa jiki yake. A ganinmu, ga ƙarin da ke kusa da baki kuma bai yi zurfi ba, gashi ba shi da abin da zai ƙara: yana ɗaukar makonni, yana tsuke bututun, alhali aikin kwana ɗaya ya wadatar.

Mace

A nan zaɓin ya fi wuya, domin santimita 4 ne kacal, kuma tsokar riƙe fitsari tana tsakiyarsu. Ana iya cire kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen bututun mace ta ci gaba da riƙe fitsarinta. Da an zarce haka, yoyo ya shigo. A wani rukuni na matan da aka cire wa santimita 2 ko fiye, kusan 4 cikin 10 sun koma ba sa iya riƙewa. A ɗaya gefen kuma, in aka yi rowar yanka, ciwon na dawowa a wurin ga mace 1 cikin 5 ko fiye da haka.

Gashi yana barin bututun a wurinsa. Ana yin sa daga waje da na'ura, ko daga ciki ta soka allurai masu haske a jikin ƙarin, ko a haɗa biyun, jimillar awo kusan gire 60 zuwa 70 (gire shi ne ma'aunin yawan gashin). A babban rukunin matan da aka bi a Amurka, kimanin kashi 64 cikin 100 ciwon bai dawo a wurin ba bayan shekara 5. Sai dai kusan rabinsu sun samu illa: tsukewar bututu, kumburin mafitsara mai zubar da jini, ruɓewar nama, ko huda tsakanin hanyar fitsari da farji. Wannan hudar a kula da ita. Yoyon fitsarin da naƙuda ta jawo ana ɗinke shi ya warke a mafi yawan lokuta, domin naman da ke kewaye yana da jini. Wanda gashi ya jawo naman ya riga ya ƙone, ɗinki ba ya kamawa da sauƙi, sau da yawa sai an juya wa fitsari hanya. Farji ma yakan bushe ya tsuke, shi ya sa ake ba da abin buɗawa a fara amfani da shi makonni kaɗan bayan an gama. Macen da ba ta daina al'ada ba, ya kamata ta san cewa gashin ƙugu yakan tsayar da al'ada da haihuwa.

Akwai hanya ta uku da ba a cika ambata ba: a cire bututun duka, a ɗinke wuyan mafitsara, a bar mafitsarar, sannan a yi amfani da afendis, wato 'yar wutsiyar da ke jikin hanji, a matsayin siririn bututu daga mafitsara zuwa cibiya ko gefen mara. Ba jaka, ba yoyo. Mace za ta riƙa zura siririyar roba duk awa 4 ko makamancin haka ta zubar da fitsari. Wannan ya dace da mai ƙarfin ido da hannu, wadda robar ba za ta yanke mata ba. Tsohuwar da hannunta ke rawa, ko wadda ke nesa da inda ake sayar da robar, wannan aiki wahala zai zame mata.

In ƙarin ƙarami ne a bakin hanya, a yanke. In ya kai tsakiya amma bai yi zurfi ba, a nan ne gashi da cire bututun duka suke gogayya da gaske, kuma irin ƙwayar ne kan raba gardama.

Idan ciwon ya yi zurfi ko yana can ciki

Ƙarin da ke bayan maraina a namiji, ko kusa da wuyan mafitsara a mace, yawanci sai ya girma ake gane shi. A T3 da T4, ko in kaluluwa ta kamu, magani ɗaya ba ya isa, tiyata kaɗai sakamakonta ba daɗi. Hanyoyi biyu ake aunawa.

Ta farko: kemo, sannan babbar tiyata. Ga yurotiliyal ana ba da cisplatin da gemcitabine, zagaye 3 zuwa 4, kowane zagaye mako 3, a sake hoto, sannan a yi aikin. Cisplatin na buƙatar ƙoda mai ƙarfi, tacewarta ta kai kusan mililita 50 zuwa 60 a minti, da kunne mai ji, da zuciya mai iya ɗaukar ƙarin ruwa. Wanda fitsari ya daɗe yana toshe masa, ƙodarsa kan raunana, don haka ana fara buɗe wa fitsari hanya, sau da yawa da roba ta mara, a jira awon ƙoda ya gyaru. Aikin kansa babba ne. A namiji ana cire mafitsara, furostet, bututun, wani lokaci har azzakari. A mace ana cire mafitsara, bututun, bangon gaba na farji, galibi da mahaifa. Ana kwashe kaluluwar cikin ƙugu. Yin kemon kafin aiki ya fi jinkirta shi zuwa baya, don bayan irin wannan tiyata mutane da yawa ba sa samun ƙarfin ɗaukarsa a kan lokaci.

Ta biyu: gashi da kemo a tare, ba yanka. Asalin wannan tsari daga sankarar dubura ne, wanda likita Norman Nigro ya fito da shi a Ditiroyit ta Amurka a 1974, aka aro shi saboda ƙwayar sikwamos iri ɗaya ce. Ana gasa ƙugu da matse-matsi kwana 5 a mako na tsawon mako 5, gire 45 zuwa 55, a ƙara wa ƙarin kansa wani abu a kai. A ɓangaren kemo ana ba da mitomycin a rana ta 1 da ta 29, da 5-FU na kwana 4 a jere a makon farko da na biyar. A rukunin maza da aka bi a asibitin Lahey na Amurka, ƙarin ya ɓace gaba ɗaya ga kusan 8 cikin 10, kuma kimanin rabi suna raye bayan shekara 5.

Alƙaluman na da daɗin ji, amma a dubi abubuwa biyu. Na ɗaya, gaba ya tsira amma bututun yakan mutu: mafi yawan waɗanda suka warke sun samu tsukewa mai tsanani a inda ƙarin yake, sai roba ta mara ko tiyatar gyara. Na biyu, waɗanda ciwon bai ji gashin ba, tiyatar da aka yi musu daga baya ba ta cece su ba. Wato wanda ya zaɓi gashi da tunanin in bai yi ba a koma wuƙa, ya san cewa wuƙar ba ta da amfanin da take da shi tun farko.

Sai batun katsewar gashi a tsakiya, wanda a Najeriya da Nijar yake da nauyi kamar irin ƙwayar. Cibiyoyin gashi kaɗan ne, irin su na Zariya, Sakkwato, Abuja, Legas da Ibadan, da ta Yamai da ta fara aiki a 2021. Sikwamos yana hayayyafa da sauri idan aka dakata a tsakiyar magani, kowane hutu na kwanaki yana rage damar kashe shi. Kafin a zaɓi wannan hanya a tambaya: yaushe za a fara, na'ura nawa ke aiki, in ta lalace ina za a tura mutum? A tanadi masauki da mai jinya na mako 6 zuwa 7, da kuɗin maganin duka tun kafin rana ta 1. A sa ran fatar matse-matsi za ta saluɓe daga mako na 3, da gudawa, da gyambon baki, da faɗuwar ƙwayoyin jini. Zazzaɓi a wannan lokaci na gaggawa ne, ba a tsayawa shan maganin maleriya a gida. Idan ba a da tabbacin kammalawa ba tare da tsayawa ba, kemo da tiyata sun fi gashin da aka yi rabi.

Yurotiliyal da ke cikin furostet yana da nasa hukuncin. In yana sama-sama, a kankare ta kyamara a riƙa zuba maganin BCG, mai zaburar da garkuwar jiki, a mafitsara sau ɗaya a mako har mako 6. In ya shiga naman furostet ɗin, ko BCG ta gaza, sai a cire mafitsara da furostet.

Kaluluwa

Ciwon da ke ƙarshen bututun yana yaɗuwa zuwa kaluluwar matse-matsi, na ciki kuma zuwa ta cikin ƙugu. A wannan ciwo, kaluluwar da hannu ya ji ta kumbura galibi sankara ce, saboda haka kada a ɓata makonni ana shan maganin ƙwayoyin cuta ana jiran ta sace. A tsotso ta da allura a gwada, in ta tabbata a kwashe ko a haɗa ta cikin gashi. Wadda ba ta kumbura ba kuwa ba a saba kwashe ta don rigakafi ba, domin aikin na barin rauni mai jinkirin warkewa, ruwa mai tsiyaya na makonni, da kumburin ƙafa irin na tundurmi da kan zauna har abada.

Ina fitsari zai bi in an cire mafitsara

Wanda aka cire wa mafitsara saboda sankarar mafitsara, wani lokaci ana ɗinka masa sabuwa da hanji a jona da bututun. A nan babu wannan damar, tunda bututun ne ya tafi. Saura biyu. Mafi sauƙi shi ne a yanko kimanin santimita 15 na ƙaramin hanji, a jona masa bututan ƙoda biyu, a fito da bakinsa ta gefen dama na ciki, fitsari na ɗiga cikin jakar da ke manne da fata. Ɗayan kuma a ɗinka jaka ta ciki da babban hanji, a riƙa zura roba duk awa 4 zuwa 6, har da dare. Ta ciki ba a ganinta, amma aikinta ya fi tsawo, tana son ƙoda da hanta masu lafiya, tana tara majina da tsakuwa in ba a wanke ta, kuma rashin zubarwa kan lokaci na iya fasa ta. Ga tsoho, ko wanda aka gasa wa ƙugu, ko mai raunin ƙoda, jakar waje ta fi aminci.

A sa alamar inda bakin zai fito tun kafin ranar aiki, mara lafiya na tsaye, na zaune, na ruku'u, kuma sanye da wandon da ya saba, don kada bakin ya faɗa kan zariya ko cikin ninkin tumbi. Santimita 2 na kuskure a nan shi ne yoyo na kullum. Ana zubar da jakar idan ta kai kashi ɗaya cikin uku, ana canja mannin duk kwana 3 zuwa 4, a lokacin zafin bazara gumi kan sa ya saki da wuri. A yanka ramin mannin daidai da bakin, a bar milimita 2 zuwa 3 kawai, in ya yi faɗi fitsari zai ci fata. Farar majina a cikin jakar ta hanji ce, ba ƙwayar cuta ba. Game da alwala, malamai suna sanya mai wannan jaka a babin mai yoyon fitsari, wanda ke da rangwame, sai a nemi bayani wurin malamin da ake bi kafin a kwanta asibiti. A kuma gano inda za a riƙa samun jakunkunan a kai a kai, a sayi na wata 2 a ajiye.

Ko wace hanya aka bi, shekara 2 na farko su ne ciwon ya fi dawowa. Ana komawa duk wata 3 zuwa 6 a laluba matse-matsi, a duba ragowar bututun da kyamara, a yi hoto da awon ƙoda. Wanda aka bar wa gaba ko bututu ya fi kowa buƙatar wannan zuwa, domin ciwon da ya dawo ƙarami a bakin yanka ana iya sake yanke shi. Wanda aka yi wa aiki da hanji kuma a riƙa auna masa bitamin B12 sau ɗaya a shekara, don ƙarancinsa sai bayan shekaru yake bayyana.